Injin huda ƙanƙara ya ƙi tashi a tsananin sanyi: daga ina za a fara?

Tambaya: Ina zaune a Winnipeg, ƙasar Kanada. Bana na fara bin abokan aiki zuwa kamun kifi a kan tafkin Winnipeg bayan ya daskare. Na sayi tsohon injin huda ƙanƙara a hannun wani, irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai. A gareji, ja biyu yake tashi. A kan tafki kuwa, ranar da sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, sai in yi ta jan igiya har kafaɗata ta gaji. In ya tashi ma, rami ɗaya ko biyu sai ya mutu. Wani ya ce in murɗa kusoshin kabureta. Me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, bar kusoshin kabureta inda suke tukuna. Injin da ke tashi da ja biyu a gareji, saitinsa bai yi nisa da daidai ba, kuma wutarsa da matsin fistinsa suna nan. Abin da ya sauya tsakanin gareji da tafki zafi ne kawai. A irin wannan sanyi abu biyu ke kashe ƙananan injuna: fetur ya ƙi zama tururi, ko wani ɗigon ruwa ya daskare a wurin da bai fi hancin allura ba. In ka murɗa kusoshi kafin ka kawar da waɗannan biyun, ka ƙara wa kanka ciwo na uku.

Injin naka ɗan gida ɗaya ne da ƙaramin janareton Tiger da aka sani a unguwanninmu da injin yankan katako: mai bugu biyu ne, ba shi da ma'ajiyar baƙin mai, man da ka zuba a fetur shi ke shafe fistin da boris. Duk wanda ya taɓa fama da ɗayansu ya san rabin maganar. Sauran rabin na sanyi ne.

Fara da abin da ke cikin tanki

Fetur ba ya kama wuta yana ruwa, tururinsa ne ke kamawa. A wajen digiri 43 ƙasa da sifili fetur ke daina ba da tururin da zai isa tartsatsi ya kunna shi. A digiri 30 ƙasa da sifili ba ka yi nisa da wannan iyaka ba, sassan fetur mafi sauƙi ne kaɗai ke iya tashi. Su ne kuma ke fara gudu daga jarka idan fetur ya daɗe a ajiye. Man da ya kwana wata uku zai iya tada inji a gareji mai ɗumi, amma a kan ƙanƙara ya zama kamar kananzir.

Akwai kuma abin da baƙi da yawa ba su sani ba: a Kanada da arewacin Amurka fetur na bazara daban, na hunturu daban. Matatu suna ƙara wa na hunturu sinadarin butan don ya yi saurin tashi a sanyi, suna rage shi a na bazara. In ragowar man injin yanke ciyawa na watan Agusta ka zuba wa injin huda ƙanƙara a watan Janairu, ka samo ciwon ba tare da ka kwance kusa ko ɗaya ba. Juye shi duka, har wanda ke cikin tiyo, ka sayo sabo.

Feturin gama-gari a lardin Manitoba, inda Winnipeg take, da jihar Minnesota ta Amurka yana ɗauke da wajen kashi 10 cikin ɗari na itanol. Itanol yana janyo ruwa daga iska ya riƙe, kuma ƙarfin riƙonsa yana raguwa yayin da sanyi ke ƙaruwa. Man da ka gani garau a ɗaki zai iya sakin ruwansa a kan tafki. Ruwan da itanol su kwanta a gindin tanki, daidai inda matatar mai take zuƙa, kuma wannan kwantaccen ba shi da baƙin mai a cikinsa, ga rashin tashi ga cin fistin. Gwajinsa ba wuya: zuba ɗan man tankin a kwalba mai haske, ka ajiye a waje rabin awa. In ka ga ya yi hazo ko ya rabu hawa biyu, zubar da shi a inda hukuma ta tanada. Nemi fetur marar itanol inda ake samu, ko wanda aka gauraya tun daga kamfani a gwangwani, irin su TruFuel da Aspen. Yana da tsada, amma injin huda ƙanƙara ba ya shan lita da yawa a shekara, don haka a ganina kuɗin ya biya. In sai ka sa maganin ruwa a fetur, zaɓi mai aisofurofil, ka guji mai mitanol, don mitanol yana cin roba, kuma cikin kaburetar naka roba ce.

Sai awon baƙin mai. Abin da aka rubuta a murfin tanki ko littafin injin shi za ka bi. Tsofaffin injunan kamfanin Tecumseh da ke kan mahudan ƙanƙara na Jiffy da StrikeMaster na da suna cin 24:1, wato kamar mililita 42 a kowace lita. Mai 40:1 mililita 25 ne, mai 50:1 kamar injunan Viper na kamfanin Eskimo mililita 20. Yi hankali da galan: littattafan da aka buga a Amurka suna nufin galan mai lita 3.78, tsohon galan na Kanada kuwa lita 4.55 ne. Auna da lita da sirinji ka huta. Kuma kada ka ƙara mai "don lafiyar inji". Mai da ya yi yawa yana kauri a sanyi, yana jiƙa fulogi, yana toshe salansa. Yi gaurayen a wuri mai ɗan ɗumi, a jarka, ka girgiza sosai, don baƙin mai mai sanyi kwanciya yake a ƙasa kamar zuma. Sintetik na masu bugu biyu, irin wanda ake sayar wa masu babur ɗin dusar ƙanƙara, ya fi gudana a wannan yanayi.

Wani gargaɗi a nan: fetur ba ya daskarewa a digiri 30 ƙasa da sifili, amma sanyinsa ya kai na iskar da ke wajen. In ya zubo maka a tsirarar hannu, nan take fata za ta ƙone da sanyi. Sa safar roba a ƙarƙashin ta ulu in za ka zuba.

Yadda ake tada shi

Mutane da dama injinsu lafiya lau, tsarin jansu ne ya ɓaci. Tsayar da injin, ka buɗe ɗan numfashin da ke kan murfin tanki. Makunni yana kashe, ka ja igiya a hankali sau huɗu ko biyar don mai da giris su saki. Sannan ka kunna, ka rufe cok gaba ɗaya, ka danna ƙwallon robar famfo.

Ƙwallon nan iri biyu ne, kuma sanin naka yana da amfani. Wani yana zuƙo mai ta cikin kabureta ya mayar tanki, za ka ga tiyo biyu a jikinsa. Wannan ko sau goma ka danna ba zai cika inji da mai ba, danna har ka ga mai yana yawo babu kumfa. Ɗayan yana fesa mai kai tsaye cikin maƙogwaron kabureta, kamar na tsofaffin Tecumseh. Shi sau uku zuwa biyar ya isa ko a tsananin sanyi. Danna shi sannu, ka bari ya dawo da kansa, don daskararriyar roba tsagewa take in an matsa mata.

Jawo igiya har ka ji ta kama, sannan ka fizga gajere da ƙarfi. Kada ka zare ta har ƙarshe. Da ka ji tarin farko, ko da "fut" ɗaya ne, mayar da cok rabi. Yawancin obafulo, wato cika inji da mai, daga nan yake: mutum ya ji tarin, ya ci gaba da ja cok na rufe. In ya tashi, bar shi a rabin cok daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya, ka buɗe a hankali, ka ba shi minti biyu ko uku yana sulo kana ɗan taɓa totur. Injin da aka ɗora kan ƙanƙara da sanyinsa mutuwa zai yi, mai shi ya ce ya lalace.

In an ja sau goma shiru, tsaya ka cire fulogi

Fulogi ne zai faɗa maka inda za ka nufa. In ya fito a bushe, mai ba ya isowa. In ya fito jiƙe yana warin fetur, ko dai an cika shi da mai ko babu wuta. In ka ga ɗigon ruwa ko farin raɓa a bakinsa, ruwa ne a man ko a cikin silinda.

Ga jiƙaƙƙen fulogi: kashe makunni, buɗe cok, danne totur, ka juya ramin fulogin ƙasa ka ja igiya sau goma zuwa goma sha biyar don rarar man ta fita. Sa wani fulogi busasshe, wanda ka ajiye a aljihun ciki yana ɗauke da ɗumin jikinka. Wannan ƙaramar dabara tana tada injuna fiye da yadda ake zato, don ɗumin bakin fulogin yana tada tururi daidai inda tartsatsi zai faɗa. Ja shi babu cok, totur a buɗe. Amma ka sani da ya tashi a haka kuloci zai kama, mahudi ya juya. Ko dai ka cire mahudin daga kan injin, ko ka riƙe shi da kyau nesa da ƙafa da igiyar riga.

Tazarar bakin fulogi a yawancin waɗannan injuna tana tsakanin milimita 0.6 da 0.75, littafinka zai ba ka ta naka. Gwada wuta da fulogin a jikin wayarsa, gindinsa na taɓa ƙarfen silinda, nesa da ramin da fetur ke fita. A hasken dusar ƙanƙara ba a ganin tartsatsi, yi masa inuwa da jikinka. In babu wuta, kada ka yi saurin zargin kwal, wato na'urar da ke ba fulogi wuta. Makunni ya fi shi laifi: dusar ƙanƙara ta narke a kan inji mai zafi, ruwan ya gangara cikin makunni, ya haɗa wayar da jikin inji. Zare siririyar wayar kashewa daga kan kwal ka sake gwadawa. In wuta ta dawo, makunnin ne ko wayarsa ta goge. A haka injin zai tashi, sai dai da cok za ka kashe shi har ka gyara.

Ga busasshen fulogi: zuba ɗan gaurayen fetur, kamar rabin ƙaramin cokali, ta ramin fulogi, ka mayar ka ja. In ya tashi daƙiƙa biyu ya mutu, ka tabbatar wuta da matsi lafiya, hanyar mai ce a toshe. Feshin sinadarin ether da ake sayarwa don tada injuna ba na irin wannan inji ba ne. Ba shi da isasshen mai, yana wanke bangon silinda, ga bugunsa da ƙarfi a kan fistin mai sanyi.

Kaburetar waɗannan injuna, galibi irin na Walbro ko Zama, ba ta da kwano da ke tara mai kamar ta babur. Tantanin roba biyu ne ke aikin: ɗaya yana famfo da bugun da ke zuwa daga cikin inji, ɗaya yana buɗe allurar shigar mai gwargwadon buƙata. Sabon tantani laushi gare shi kamar fatar ganga da aka jiƙa. Wanda ya shekara huɗu yana shan itanol ya bushe, ya yi ƙwari. A gareji zai iya motsi da kyar ya yi aiki, a digiri 30 ƙasa da sifili ya sandare. Wannan ya yi daidai da abin da ka kwatanta, kuma tunda tsohon inji ka saya, ina kyautata zaton a nan rabin ciwonka yake. Gwaji: ɗaura jakar ɗumama hannu ko gorar ruwan zafi da aka rufe sosai a jikin kabureta na minti goma. In ya tashi bayan haka, sayi kit ɗin tantani da gaskit na lambar da aka buga a jikin kaburetar, ka sauya a kan tebur a gida. Lura da jerin yadda ka cire su, don a gefen famfo tantani ne ke manne da jikin kabureta gaskit na bisa, a gefen allura kuwa gaskit ne ke fara zama. A ƙarƙashin murfin famfon akwai 'yar raga mai faɗin ƙwayar wake, nan datti da ƙanƙara ke taruwa, wanke ta.

Kada ka ɗumama inji da harshen wuta, ko hitar gas ta cikin tanti, kuma kada ka kwara masa ruwan zafi. Ruwan zai shige sitata da kebul ya daskare kafin ka gama juyawa.

Wanda ke tashi ya yi rami biyu ya mutu

Wannan alama tana da wanda ake fara tuhuma: numfashin murfin tanki. Yayin da mai ke raguwa dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. In raɓa ta daskare a ramin numfashin, tanki ya matse, famfo ya kasa zuƙa, inji ya yi minti ɗaya ko biyu ya shaƙe. Da zarar ya mutu, sassauta murfin ka saurara. In ka ji iska ta shige da "fiss", kuma ya tashi nan take, ka kama ɓarawon. Sa murfin a aljihu ya narke, ka busa shi, ka tsane.

In ba shi ba ne, leƙa cikin tanki. Matatar mai tana rataye a bakin tiyo mai laushi, da ɗan nauyi da ke sa ta bi mai duk inda ya kwanta. Sanyi yana sandarar da tsohon tiyo, matatar ta tsaya a sama tana zuƙar iska da zarar mai ya sauka ƙasa da rabi. Shi ya sa wani injin ke aiki da cikakken tanki ya dinga mutuwa daga baya. Jawo ta da lanƙwasasshiyar waya. In tiyon ya yi tauri ko ya tsattsage a inda ya ratsa jikin tanki, sauya shi da matatar gaba ɗaya, kuɗinsu kaɗan ne.

Duba matatar iska ma. Soson da ya sha dusar ƙanƙara ya daskare ya zama bango, inji ya yi ta baƙin hayaƙi. Wanda aka shafa wa mai da yawa shi ma haka. A kan tafki babu ƙura, matse soson ya kusa bushewa ya wadatar. Sai raga ta bakin salansa mai tare tartsatsi: in baƙin gawayi ya like ta, injin zai yi sulo lafiya amma ya ƙi ɗaukar gudu. Cire ta ka goge da burushin ƙarfe.

Yanzu ne maganar kusoshi ta zo

Iska mai sanyi ta fi nauyi. A digiri 30 ƙasa da sifili, cikin silinda guda yana ɗaukar iskar da ta fi ta digiri 20 sama da sifili da kusan kashi 20 cikin ɗari, alhali kabureta tana ba da mai kusan yadda ta saba, ko ma ƙasa da haka tunda man ya yi kauri. Saitin da aka yi a shago mai ɗumi zai zama mai ƙarancin mai a kan tafki. Alamarsa: ka taɓa totur inji ya yi kamar zai suma, ko ya mutu. Gwada shi da rabin cok bayan ya yi zafi. In ya ji daɗi da rabin cok, mai ne ya yi masa kaɗan. In ya ƙara shaƙewa, ba nan matsalar take ba.

Kusoshin uku ne: L ta ƙaramin gudu, H ta babban gudu, da ta sulo mai tura totur. Kafin ka sauya komai, murɗa L da H kowace ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ta zauna, ba tare da matsawa ba, ka rubuta, ka mayar inda take. Yawanci za ka tarar tsakanin zagaye ɗaya da ɗaya da rabi. Buɗe L hagu da kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka gwada totur, ka ƙara in da buƙata. Da wuya a wuce rubu'i. H kuwa ita ce mai kashe inji. In aka matse ta, injin zai yi kuka mai daɗin ji, ya yi gudu sosai, sannan fistin ya ƙone don ƙarancin fetur ƙarancin baƙin mai ne. Saitin da ya dace shi ne ka ji 'yar gargada a muryarsa in ba ya cin ƙanƙara, ta washe da zarar mahudi ya kama aiki. Sababbin injuna da yawa an sa wa kusoshinsu hular roba ko kai na musamman saboda dokokin hayaƙi, ba sa karɓar sukudireba ta gama-gari. Yi saitin a waje, cikin sanyin da za ka yi aiki, ba a gareji ba.

In ka buɗe L sosai amma sulo yana hawa yana sauka da kansa, ko yana sauyawa in ka karkata injin, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya: gaskit ɗin gindin kabureta ko sil ɗin karanshaf. Roba tana tsukewa a sanyi, tsohon sil ya buɗe baki. Wannan aikin makaniki ne.

Igiya, kebul da giya

Igiyar da ke zuwa salam babu riƙo, haƙoran sitata ne suka daskare a kwance. Ɗumama murfin da tafin hannu ko jakar ɗumi, ka ɗan bubbuga shi. A gida kwance shi, wanke tsohon giris, ka sa feshin silikon ko busasshen garin girafait. Giris mai kauri a sitata shi ne ke kawo wannan. Igiyar da ta ƙi komawa ruwa ta sha. Kebul ɗin totur ma yana daskarewa, kuma ya fi haɗari in ya daskare a buɗe. Taɓa totur ka ga yana dawowa da kansa kafin kowane tayarwa.

Giris ɗin akwatin giya yana kauri har ya riƙe mahudi. Bayan injin ya ɗumama, ɗaga shi sama ka bar mahudin ya juya a iska daƙiƙa goma sha biyar kafin ramin farko. Kulocin nan da gudu yake kamawa, don haka huda da cikakken totur. Rabin totur yana sa shi zamewa, ya yi zafi, ya yi santsi.

Injin na gudu amma ba ya nutsewa

Nan ba inji ba ne, reza ce. Juya mahudin ka duba. Sau da yawa ƙanƙara ce ta yi gammo a ƙarƙashin rezar da kan tsinin tsakiya, ruwan ramin baya ne ya daskare a wurin. Ko kaurin farce ya isa ya ɗaga rezar daga aiki. Cire shi da katako ko roba, ko ka narkar. Kada ka buga mahudin a kan ƙanƙara, don kusurwar mazaunin rezar tana da ƙa'ida, ɗan lanƙwasa kaɗan ya isa ta dinga zamewa ko da sabuwar reza. Lanƙwasassun reza masu aski, irin Lazer na StrikeMaster, suna da sauri amma rami ɗaya a ƙanƙara mai yashi, kamar kusa da hanyar da motoci ke bi a kan tafki, ya isa ya dakushe su. Masu haƙora masu sara sun fi jure datti da sake buɗe tsohon rami. Dakusasshiyar reza tana sa mutum dannawa da ƙarfi, dannawar ta kashe inji, a koma zargin kabureta. Lafiyayyen mahudi da kansa yake jan kansa ƙasa.

Faɗin ramin ma yana da nasa. Mahudi mai inci 10 yana yanke fili da ya fi na inci 8 da sama da rabi, ƙaramin inji mai cc 33 zai sha wuya da shi. A tafkin Winnipeg ƙanƙara tana kaiwa mita ɗaya ko fiye zuwa ƙarshen hunturu, har sai an sa ƙarin sanda. A irin wannan kauri, ɗaga mahudin bayan kowane santimita 20 zuwa 25 yana juyi, don garin ya fita. In ka bari ya taru zai cije. Da ka ɓulla ga ruwa, yi sama da ƙasa sau biyu, ka fito da shi, ka bar shi ya juya daƙiƙa biyu a iska ya watsar da ruwan jikinsa. Kada ka bar shi tsaye a ramin da ruwa ya shiga, mintoci kaɗan zai daskare a ciki. Injin fetur ba shi da ribas. In ya cije, kashe shi, cire kan injin, ka zura ƙarfe a ramin kusar sandar ka juya baya da hannu.

Masu bugu huɗu da masu gas

Ga mai karatu da nasa ba irin wannan ba ne: mai bugu huɗu, kamar Honda GX35 da ke kan wasu StrikeMaster, man cikinsa ne ke kauri har igiya ta yi nauyi. Sintetik mai farawa da 0W ko 5W ake sa masa a hunturu, gwargwadon littafinsa. Wasu masu bugu huɗun in aka kwantar da su ta gefen da ba daidai ba, mai yana gangarawa cikin silinda, igiya ta ƙi jawuwa sam. Kada a tilasta, a cire fulogi a fitar da man. Masu aiki da gas ɗin furofen, irin Jiffy Pro4 da Eskimo HC40, ba su da matsalar tsohon fetur, amma furofen yana daina tashi a digiri 42 ƙasa da sifili, kuma tun kafin nan ƙarfin ƙaramar tukunyar ya faɗi. Ana ajiye tukunya ɗaya cikin riga ko cikin mota ana musanyawa.

Ajiya tsakanin fita da fita

Ruwan da ke daskarewa a kabureta da makunni yawanci ba daga tafki ya shiga ba, daga shiga da fita ne. Ƙarfe mai sanyi in ya shiga ɗaki ko tanti mai ɗumi zufa yake yi ciki da waje. In za ka shigar da shi, bar shi ya kwana ya bushe sarai. In ba haka ba, bar shi a sanyinsa, a rufe da buhu don dusar ƙanƙara. Shigar da shi tanti na rabin awa a fito da shi ya fi komai ɓarna. A hanya, kada ka ja shi a buɗe a bayan babur ɗin ƙanƙara, garin dusar da ke tashi yana cusa kansa cikin sitata da matatar iska. Kwantar da shi a kan katako ko buhu, kabureta da fulogi suna sama, ba a kan dusa ba. Ajiye tanki a cike yana rage iskar da ke kawo raɓa. In ka huda rami a cikin tanti, buɗe ƙofa da tagogi, hayaƙin yana da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari kuma tana kisa.

A naka injin, jerin da zan bi shi ne: sabon fetur na hunturu marar itanol da awon da ya dace, sabon fulogi da na ajiya a aljihu, duba numfashin murfi, sannan kit ɗin tantani da tiyo da matata. In bayan waɗannan har yanzu yana tashi a ɗumi yana ƙi a sanyi, auna matsin silinda da geji, totur a buɗe, kana ja har allura ta daina hawa. Lafiyayyen ƙaramin inji mai bugu biyu yana ba da sama da psi 100. In naka ya sauko wajen 90 ko ƙasa, ringi ya cinye. Cire salansa ka haska fistin ta ramin hayaƙi: in ka ga zane-zane a tsaye a jikinsa, kwatanta kuɗin sabon fistin da silinda da kuɗin wani kan inji kafin ka sayi komai.